Rabin dalar 1817/3 da na saya: lambar gaskiya ce amma an goge ta

Bari in fara da abun da ya yi daɗi saboda kar a ce ban yi wa mutumin da ya sayar min da tsohuwar tsabar rabin dalar Amurka ɗin nan adalci ba. Tsabar ta gaske ce, ba jabu ba, na ɗora ta a sikeli ta yi kusa da giram 13.48 da ya kamata irinsu su yi, ɗan abun da ya ragu na cin hannu ne kawai, rubutun gefen nan na FIFTY CENTS OR HALF A DOLLAR ma duk yana nan ana karantawa. Kuma lambar 3 ɗin da ke ƙarƙashin 7 a shekarar da ke jikin tsabar, wadda ta sa ake ce mata 1817/3, kai jama'a, ko gilashin ƙara girma ba ka buƙata, ga ta nan ɓaro-ɓaro tana leƙowa. Wanda ya san harkar ya san ita ce mai lamba O-101 a lissafin Overton, littafin da ya jera ire-iren waɗannan tsabobin. Ƙarfen bugun da aka sassaƙa tun 1813 ne ya zauna ba a yi aiki da shi ba, su kuma ma'aikatan gidan buga kuɗi na Filadelfiya ba za su yar da ƙarfe mai tsada ba sai suka ɗora 7 a kan 3 ɗin da hannu suka ci gaba da bugawa. Ai 1816 ma gaba ɗaya ba a buga rabin dala ba, shekarar da gobara ta yi musu ɓarna a watan Janairu, shi ya sa nake son na wannan tsakanin sosai. Har tauraro na 13 mai ɗan gatse a jiki wanda ake cewa alamar John Reich, wanda ya zana tsabar, ce na duba na gani. Da a nan labarin ya tsaya wallahi maki biyar cikin biyar zan ba mai sayarwar.

Toh amma fa. A tallan ya rubuta cewa fuskar ta asali ce ba a taɓa ta ba, hotunan kuma duk ya ɗauke su a wani haske mai duhu-duhu da ya sa ta yi launin toka mai kyau irin na tsohuwar azurfa. Ina buɗe kwalin na karkata ta ƙarƙashin fitila sai gabana ya faɗi, filin da ke gaban fuskar matar da ke jikin tsabar duk ƙananan layuka ne sirara sun tafi gefe ɗaya, tana ta ƙyalli kamar cokalin amarya. Wani ya sa tsumma da man goge ƙarfe ya dirje ta, daga baya aka bar ta ta ɗan yi duhu a gefe-gefe don a rufa asiri. Tsabar da ta haura shekara 200 tana yawo hannu zuwa hannu ba abun da ya same ta sai da ta faɗo hannun mai son ƙyalli, abun ya min ciwo ba kaɗan ba.

Na yi masa magana cikin mutunci, na tura hotuna. Amsar da ya ba ni ita ta fi ɓata min rai, wai ai layukan daga ƙarfen bugun suke. Haba malam! Layin da ya fito daga ƙarfe tasowa yake yi sama kuma yana tsayawa idan ya iso jikin harafi ko tauraro, waɗannan kuwa sun nutse ciki sun bi ta kan kuncin matar sun wuce abunsu. Ni ban yi ƙorafi a kan rashin fitowar wasu haruffan E PLURIBUS UNUM da ke bayan tsabar ba don na san injin murɗawa da hannu ake amfani da shi kafin na tururi ya zo a 1836, bugun ba ya cika ko'ina, wannan halinsu ne. Inuwar fiffiken mikiyar bayan tsabar da ta fito a gefen fuska ma, wadda ke faruwa idan ƙarafan biyu suka haɗu ba azurfa a tsakani, ni a wajena ƙarin ado ce. Amma gogewa daban.

Don a kashe gardama na tura ta wajen masu tantancewa, ta dawo a cikin robarta da rubutun cewa ta gaske ce amma an goge, ba su ba ta lambar daraja ba sam, kun dai san abun da wannan ke yi wa farashi in ka tashi sayarwa. Na tura masa hoton, sai ya ce lokacin mayar da kaya ya wuce. Tun daga nan shiru, ko gaisuwa ba ya amsawa.

Da na yi niyyar in ba shi maki uku saboda naɗin kayan ya yi kyau kuma sun iso da wuri, amma yanzu da nake rubutun nan na tuna har da wata 'yar lotsawa a baki saman hular matar, wadda ya san yadda ya yanke hoton ba ta fito ba. Biyu ya ishe shi. Tsabar dai tana wajena ba zan sayar ba don lambar 3 ɗin nan ba na gajiya da kallonta, amma 1814/3 ɗin da nake nema a gaba sai dai in je kasuwar baje kolin tsaba in riƙe ta a hannuna tukun, ba dai wajensa ba.