Fezan don ƙaramar ƙungiyar farauta a Birtaniya: ƙwai, 'yan tsaki ko 'yan mako bakwai?

A Ingila da Sukotlan da Wales ana buɗe farautar fezan, tsuntsun nan mai doguwar jela dangin fakara, ranar 1 ga Oktoba, a rufe 1 ga Fabrairu. Ƙungiyar da ke son tsuntsayenta su yi ƙwari kafin a buɗe farautar, dole su shiga shingen saki, wato filin da ake killace su a dawa kafin a sake su, a Yuli ko farkon Agusta. Saboda haka odar tsuntsaye tun hunturu ake bayarwa.

Ƙwai ya fi arha, amma yana buƙatar injin ƙyanƙyasa da sa ido na kwana 24 zuwa 25, kuma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba. 'Yan tsakin kwana ɗaya sun fi shi sauƙi, sai dai aikinsu na mai zaman gona ne: zafin kusan digiri 35 a makon farko, ana ragewa a hankali, abinci mai furotin kusan kashi 28 cikin ɗari, da ruwa mai tsafta kullum. Fitila ta mutu dare guda, sai a wayi gari sun hau kan juna a lungu sun mutu. Cunkoso kuwa shi ke sa su fara tsigar gashin juna. Ƙungiyar mutum goma masu aikin ofis ba za ta iya wannan ba.

Tsofaffin matan fezan da suka gama ƙwai ma ana sayarwa da rahusa. Sun gaji, suna iya zuwa da ciwon kumburin ido, kuma yawo gare su.

Ga ƙungiyar da ba ta da mai gadin dawa na dindindin, 'yan mako shida zuwa bakwai ne zaɓi. Sun fi tsada, amma an riga an sha wahalarsu. Kafin ku biya, ku je gonar da ƙafarku. Ku ɗaga tsuntsu ku duba bayansa: in gashin ya cika, zai jure ruwan sama, in baya a tsige yake, sanyin daren farko zai kashe shi. Ku tambayi wane abinci suke ci, domin ku ci gaba da shi, da kuma magungunan da aka ba su. Ku tambayi asalin ƙwan ma. Da yawa daga yammacin Faransa ake kawowa, kuma a 2022 murar tsuntsaye ta tsayar da jigilar, ƙungiyoyi da dama suka rasa tsuntsaye.

Kuɗin da kuka tanada, ku zuba shi a shinge. Shawarar GWCT, ƙungiyar binciken farauta da kare namun daji ta Birtaniya, ita ce kada a wuce tsuntsu 1,000 a hekta ɗaya na shinge, 700 in tsohon kurmi ne. A raba filin uku: sarari mai rana, ƙananan bishiyoyi na ɓuya, da rassan kwana. Ragar waya ta kai mita biyu, a nannaɗe gindinta waje a danne, a kewaye da wayar lantarki, domin yanyawa ɗaya in ta shiga, ɓarnar dare guda ta isa ta rusa kakar. A bar ƙananan ƙofofin komawa masu sandunan ƙarfe, tsuntsu ya wuce, yanyawa ta kasa.

A karɓi tsuntsayen da sassafe, ranar da babu hadari. In kun ji suna tari suna buɗe baki, tsutsar maƙogwaro ce, a kira likitan dabbobi. Alkama kuma kada a yi gaggawarta. A gauraya ta da abincinsu sannu a hankali wajen mako 12.

Ku yi rajista da APHA, hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai ta gwamnati, kuma a Ingila saki cikin mita 500 da wasu wuraren da doka ta kare yana buƙatar lasisi. Wajen lissafin kuɗi, ku sa rai da harbin kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da kuka saki.