Asusu ɗaya ga duk gida, ko kowa da nasa?

Tun da Microsoft ta cire HomeGroup, wato tsarin da ke sauƙaƙa raba fayiloli tsakanin kwamfutocin gida, daga Windows 10 a 2018, ake yawan tambayata: wajen raba fayiloli tsakanin kwamfutocin gida, a buɗe asusu ɗaya kowa ya shiga da shi, ko kowa ya samu nasa?

Kuɗi dai babu bambanci, duka kyauta ne. Sauƙi kuwa na asusu ɗaya ne, kalmar sirri guda, shi ke nan. Idan kowa da nasa ne, sai ka ƙirƙiri asusun kowane mutum a kwamfutar da ke riƙe da fayilolin, ka bi folda-folda kana ba da izini: wane ya karanta kawai, wane ya gyara.

Haɗarin ne ya fi damuna. Da asusu ɗaya, yaron da ya zo kallon hotunan biki yana da ikon goge su, kuma fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfutar ta netwok ba ya faɗawa kwandon shara (Recycle Bin, inda ake iya dawo da abin da aka goge), tafiya yake yi. Manhajar da ke kulle fayiloli don neman fansa ma duk inda asusun ke da izinin rubutu take bi. Izinin karatu kaɗai yana taka mata birki.

Da asusu ɗaya, idan baƙo ya san kalmar sirrin, sai an canza ta a kowace kwamfuta. Mai asusu daban, nasa kawai za a rufe.

Mutum biyu masu musayar fina-finai, asusu ɗaya ya ishe su. Gidan da ke da yara, baƙi da takardun aiki, kowa da nasa ya fi dacewa.