Fim da Kayan Ɗaukar Hoton Orion da Andromeda: Me Ya Kamata Ka Fara Saya?

Matasanmu na Jidda da Madina da suka fara sha'awar ɗaukar hoton gajimaren taurari da kyamarar fim, yawancinsu tambayarsu ɗaya ce: wane madubin hangen nesa zan saya? Shawarata, ajiye wannan tukuna. Kuɗinka ya fara zuwa wurin na'urar bin taurari, sannan fim.

Duniya tana juya digiri 15 kowace sa'a, shi kuwa fim yana buƙatar minti 20 ko 40 a buɗe kafin Andromeda, wani babban tarin taurari mai nisa, ta fito. Ba tare da na'urar da za ta riƙa juya kyamara ba, layuka kawai za ka samu. Sky-Watcher Star Adventurer da iOptron SkyGuider Pro duk suna ɗaukar kyamara da gilashi mai milimita 50 zuwa 135, kuma bambancinsu bai kai a yi musu ba. Ɗauki wanda ka samu da sauƙi. Abin kiyayewa shi ne saita ta da Tauraron Arewa, wanda a Madina yake kusan digiri 24 sama da ƙasa, a Jidda kuwa kusan 21.

Kyamara kuma, nemi tsohuwa wadda ƙofarta, wato abin da ke buɗewa haske ya kai ga fim, ba ta dogara da batir. Olympus OM-1 ta 1972 ce na fi so, saboda ana iya ɗage madubinta a kulle kafin a buɗe ƙofa, girgiza ta ragu. Pentax K1000 ma ba ta buƙatar batir, sai dai ba ta da wannan makulli. Canon AE-1 kuwa shan batir take muddin ƙofa na buɗe, sai ta mutu maka a tsakiyar aiki. Kada ka manta da igiyar dannawa mai kulle, wadda ke riƙe ƙofa a buɗe ba tare da ka taɓa kyamara ba.

Wurin fim ne ake asarar kuɗi. Mutum ya ga an rubuta 3200, lambar saurin kama haske, a kwalin Ilford Delta, ya ce ai wannan ne na dare. Ainihin ƙarfinsa bai wuce 1000 ba, ga shi ƙwayoyinsa manya. Sannan kowane fim, idan haske ya yi rauni ƙwarai, kamawarsa tana raguwa yayin da lokaci ke tafiya, ta yadda minti 30 ba ya ba ka ninkin minti 15. Don haka abin dubawa shi ne juriya. Fujifilm Acros 100 II, baƙi da fari, ba ya neman ƙarin lokaci har daƙiƙa 120, Provia 100F mai launi kuma har 128. Fim mai lamba 100 da ya jure yana iya cim ma mai babbar lamba da ya gaji tun farko, ya kuma fi shi tsabta.

To wanne a cikinsu? Ya danganta da abin da kake hari. Jan da ke cikin gajimaren Orion hasken haidurojin ne, mai tsawon nanomita 656, Acros kuwa jinsa ga ja kaɗan ne. Ka ba Acros Andromeda, wadda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya kira ƙaramin gajimare tun shekarar 964, ko Kaza da 'Ya'yanta, zai faranta maka. Orion kuwa fim mai launi yake so, Provia ko Kodak Ektachrome E100. Tsofaffin hannu suna kewar fim ɗin Technical Pan da aka daina yi a 2004, amma kada ka kashe riyalinka kan ragowar da ya daɗe a ajiye.

Kafin ka sayi Provia ko E100, tabbatar akwai mai wanke maka da tsarin E-6, wato hanyar wanke irin waɗannan fina-finai, don masu yinsa ba su kai na C-41, na fim mai launi da aka saba, yawa ba. Acros kana iya wanke shi a gida, amma maganin yana son digiri 20, ruwan famfon Jidda da rani kuwa ya wuce haka nesa, sai ka jefa ƙanƙara kana duba ma'auni. Fim ɗin ma firiji ne mazauninsa, kada ya wuni cikin mota.

Mai ƙaramin jari ya sayi OM-1 da gilashi mai milimita 50, da na'urar bin taurari, da Acros guda biyu. Ya jira daren da babu wata a lokacin sanyi, ya fita bayan gari. Wanda ke da hali ya nufi AlUla da ke arewa da Madina, inda a 2024 aka amince da yankin Gharameel a matsayin wurin da ake kare duhun samaniya.