Ra'ayina kan Injiniyan da ke ɗaura eriya a shagunan POS

'Yan'uwa masu sana'ar POS a ƙauyukanmu na tsakanin Gumel da Maigatari, da yawanku kun tambaye ni game da yaron nan da ake kira Injiniya, wanda ya ɗaura mini eriya. Aikinsa ba shi da makusa, samunsa ne jidali.

Asalin aikinsa kula da ƙarafan sabis ne. Shi ake tasowa idan janareta ya mutu, ko batura suka ƙi riƙe caji, ko ɓarayi suka yanke waya. Ɗaura eriya a shaguna abin neman na cefane ne kawai.

Shagona rufin kwano ne, ƙarfen sabis kuma yana da nisa da mu. Ga iyaka kusa, wani lokacin waya sai ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, sai dillali ya tsaya a kaina yana jiran kuɗin bijimi guda, na'ura tana ta juyi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai buɗe jakarsa don ya sayar mini da komai ba. Waya ya ɗauka, ya auna ƙarfin sabis a cikin shago, ya fita waje ya auna, sannan ya nemi tsani ya hau rufi yana juyawa gabas da yamma. A ciki ya samu 115, a sama 95, ya ce a wannan awo, raguwar lamba ita ce ƙaruwar ƙarfi. Ni busta na so, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, irin wadda ake talla. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na saka ta. Hukumar sadarwa ta NCC ta hana amfani da ita ba da izini ba, kuma tana dagula wa maƙwabta sabis." Na ɗan ji haushi, don na san masu sakawa, amma na bar shi.

Sai ya kafa dogon bututun ƙarfe, ya ɗaura eriya tana fuskantar ƙarfen sabis, ya ja waya zuwa ƙaramar na'urar Wi-Fi. Ya yi mini bayanin cewa a cikin zangunan da sabis ke bi, zangon 800 ya fi na 2600 cin nisa, ko da yake bai kai shi gudu ba, don haka a kansa ya tsayar da na'urar, ya kuma hana ta bin layin ƙetare. Saboda tsawar damina ya haƙa rami ya binne sandar tagulla da gawayi da gishiri. Masu gaggawa wannan suke tsallakewa, kuma rashinsa ke ƙone wa mutane kaya.

Kuɗin aiki naira dubu 15 ya karɓa, kaya ni na sayo a Kano da sunayen da ya rubuta mini. Tun daga nan tiransifa tana fita ba tare da na fito bakin titi ina ɗaga na'ura sama ba.

Inda ya gaza: ba ya cika alkawarin lokaci. Zai ce gobe da hantsi, sai a kira shi wani ƙarfe ya mutu, ka wuni kana kallon hanya. Ba ya ba da rasit, wayar ma a bango ya bar ta tana lilo, sai da na samo ƙusoshi da kaina.

Ku kuma sani, ranar da ƙarfen ya ɗauke gaba ɗaya eriya ba ta da abin kamawa, don haka ku ajiye layi na biyu. Sannan tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, data ta yi tsada. Kada ku ba samarin majalisa lambar sirrin Wi-Fi ɗin, da kallon bidiyo za su cinye muku ribar mako.