Tsohuwar Mauser ɗina da huda huɗu da suka cinye mini kakar farauta

Shekara tara ke nan ina farautar barewa a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma duk cikin bindigogina babu wadda ta shiga raina kamar tsohuwar Mauser 98 mai sakata da na saya a hannun wani dattijo maƙwabcina. Irin waɗanda sojojin Amurka suka dawo da su daga Jamus bayan 1945 ce. Tun kafin ta zo hannuna an datse mata ƙota, masu tara kayan tarihi ko kallonta ba za su yi ba, shi ya sa ban ji nauyin taɓa ta ba. Cikin bututun kuwa tsatsa ta gama da shi, aikin tsohon harsashin soja mai barin gishiri.

A watan Maris na kai ta wajen wani maƙerin bindigogi: sabon bututu mai cin harsashi samfurin .30-06 a madadin 8x57 na asali, lanƙwasa hannun sakata don kada ya bugi madubin hange, kunamar kamfanin Timney, sabuwar ƙota, sai huda huɗu a sama inda madubin zai zauna. Ya ce Agusta. Sai farkon Nuwamba na karɓa.

Ranar da na je filin gwaji hannuna har rawa yake don murna. Harbi uku a yadi 100, takarda fes, ko ƙwarzane babu. Na matso yadi 25, sai ga harsashi can gefen hagu. Na yi ta murɗa saitin madubi har ya ƙure, bai dawo tsakiya ba. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya ɗora ƙarfen awo a kan mazaunin madubin, nan muka ga hudar gaba ta karkace, ido ma yana gani. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ƙarfen da ya tsallake yaƙi lafiya, a zo a ɓata shi da rana tsaka saboda ganganci! Da na koma wajen maƙerin, cewa ya yi madubina ne maras kyau. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Kakar bindiga a nan kwana tara ce kacal, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin Godiya na Amurka, a watan Nuwamba. Da aron bindigar Ruger American na shiga daji, mai ƙotar roba, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne wannan 'yar arahar tana tara harsashi uku cikin inci guda. Kuɗin da na zuba a Mauser ya isa in sayi irinta uku. A lokacin duk wanda ya tambaye ni, ce masa nake kada ya soma gyaran tsohuwar bindiga.

To amma wani maƙerin ya sake daidaita hudar a kan inji, ya sa kusoshin da suka fi na da kauri, sai bindiga ta dawo hayyacinta. Yanzu in na tura sakata, ƙugiyar da ke jikinta tana cafke harsashi tun daga gidansa har ya shige, ko da safar hannu cikin ƙanƙara ba ta taɓa sarƙe mini ba. Tsarin 1898 ne, amma santsinsa da nauyinsa a kafaɗa, robar zamani ba ta ba ni wannan. Bara da ita na kayar da namijin barewa mai ƙaho mai rassa takwas, harbi ɗaya.

Duk da haka biya biyu na yi wa aiki ɗaya, wata takwas ina jira, kakar shekara guda ta wuce ni. Maƙerin farko har yau bai mayar mini da ko sisi ba, kuma ya daina ɗaukar wayata.