Mai gyaran fitilun motar gida da ya zo mana har ƙofa a Ohayo

Mu uku muka haɗa kuɗi a nan Kolombus muka sayi irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV. Tamu ta hannu ce, irin wadda ake ja da a-kori-kura, tsawonta ya haura ƙafa 30. Da ƙananan fitilun jikinta suka fara wasa, wasu na ƙyaftawa, wasu sun dusashe, sai muka kira ɗaya daga cikin masu gyaran da ke yawo da kayan aikinsu a bayan mota. A taƙaice dai, aikinsa ya yi, kuɗinsa kuma da zafi.

Waɗannan fitilu ba ado ba ne. Dokar tarayyar Amurka kan fitilun mota, mai lamba 108, ta ce duk motar da faɗinta ya kai inci 80 sai an sa mata fitilu a kusurwoyin sama, masu ruwan goro a gaba, jajaye a baya, da wasu jajaye uku a jere a tsakiyar baya. Idan tsawon ya kai ƙafa 30, sai an ƙara mai ruwan goro a tsakiyar kowane gefe. Da su ne direban tirela da ke shirin wuce ka da daddare zai gane inda ka fara da inda ka ƙare.

Mai gyaran dattijo ne, ba shi da yawan magana. Na ɗauka zai ɗauko tsani ya hau canza ƙwai, sai na ga ya durƙusa wajen fulogin da ke haɗa motar da a-kori-kura, mai baki bakwai. Ya haska ciki ya kira ni. Ƙarafan sun yi kore shar. Ya goge su da ɗan burushi, ya shafa wani maiko da ke hana ruwa zama, ya ɗora mita ya ga wuta ta kai bolt 12. Daga nan ya kwanta ƙarƙashin motar ya bi farar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Sukurun da ya riƙe ta ya ci tsatsa har yana marmashewa a hannu, aikin gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Yana kankare wurin ya ɗaura sabo, fitilun gefen hagu suka tsaya cak, ba tare da ya taɓa ko ƙwai ɗaya ba.

Inda ya ci kuɗinsa da gaske shi ne a sama. Ya kwance fitilar kusurwar gaba, ruwa ya tsiyayo daga cikinta. Bayan kowace fitila akwai ramin da waya ke fitowa, da ɗan soso da ke toshe shi. Rana ta busar da soson ya zama kamar tsohon fanke. Ya ce ta wannan rami ruwan sama ke sulalewa cikin bango, katakon da ke ciki ya jiƙe ya kumbura, fatar waje ta saki ta yi tozo. Ya danna bangon da babban yatsa ko'ina a kewayen ramin, ya sa ni ma na danna. Namu da sauran ƙarfi, alhamdu lillahi. Wanda ya sayar mana ya lafta silikon a wurin, dattijon kuwa ya tsane shi, domin idan ya tsufa ya saki, sabon danƙo ba ya kama samansa. Sai da ya kankare shi tas, ya shimfiɗa danƙon butil a bayan fitilar, ya ɗaure, sannan ya zagaye sama da gefuna da wani danƙon, ya bar ƙasan a buɗe don duk ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita. Wannan dabarar ta ƙarshe kaɗai ta isa a biya mutum.

Mun ɗan yi ja-in-ja a kan LED, wato fitilun zamani da ke maye gurbin tsohon ƙwai. Shi so yake a canza duka. Gaskiya ne ba sa jan wuta sosai kuma suna daɗewa, amma yawancinsu a liƙe suke, in ta mutu sai dai ka sayi sabuwa ɗungurungum. Tsohon ƙwai mai lamba 194 kuwa kowane shagon kayan mota yana da shi, da hannu ake zare shi. Na yarda ya sa LED a na sama, inda sai da tsani, na ƙasa na ce a bar min su. Bai ji daɗi ba, amma bai yi gardama ba. Ya nuna min tambarin SAE da DOT, alamar cika ƙa'idar Amurka, a jikin murfin waɗanda ya kawo, ya ce in zan saya a intanet in duba su. Ya kuma ja kunnena cewa yawancin LED ba sa kamawa idan an juya wayoyin, kada in jefar da sabuwa ina cewa matacciya ce.

Abin da ban so ba: kuɗin zuwa daban, kuɗin aiki a kan awa, kankare silikon kuma cin lokaci gare shi. Ya bar mana ɓarɓashinsa a ƙofar gida. Sannan bai rubuta fitilun da ya taɓa a rasit ba sai da na nema.

Yanzu kafin kowace tafiya, da magariba nakan haɗa fulogi in kunna ƙananan fitilu, in zagaya motar ina duba wadda ta dusashe, ko ta tsage, ko ta yi gumi a ciki. Wannan ba ya bukatar kowa. Kwance fitila a sama da toshe ta kuwa, shi zan sake kira. Wanda zai nemi irin waɗannan masu gyara ya buga waya tun watan Maris ko Afrilu, domin daga hutun tunawa da sojoji na ƙarshen Mayu kowa ya fito da motarsa, sai ka bi layi.