Zaɓen ƙaramar libarba a Amurka: wadda na tsaya a kanta da inda aka cuce ni

'Yan uwa da ke aikin dare a shagunan gidan mai ko tuƙin haya a nan Texas sukan tambaye ni wace ƙaramar bindiga ce ta dace mutum ya riƙa ɗauka a ƙarƙashin riga. Kafin na amsa, ya kamata a san cewa bayanin nan na mazaunin Amurka ne da doka ta yarje masa, domin a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A nan Amurka ma sai mai shekara 21 ne dillali mai lasisi zai sayar wa, bayan ya cike fom mai lamba 4473 an kuma bincika tarihinsa ta hannun FBI. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ziyara, a galibin lokuta doka ta hana shi. Texas ta daina wajabta lasisin ɗauka tun Satumban 2021, sai dai da zarar ka tsallaka wata jiha, dokarta ce za ta hau kanka.

Ni dai Smith & Wesson 642 nake ɗauka, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya nemi shawarata. Ta fito ne daga zuriyar ƙananan libarba da kamfanin ya fara ƙerawa a 1950, tana cin harsashi biyar samfurin .38 Special, bakinta bai cika inci biyu ba, nauyinta kuma bai wuce giram 420 ba saboda jikinta na alminiyam ne. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne an rufe gudumar da ke bugun harsashi a cikin jikinta, don haka babu abin da zai maƙale a aljihu ko a bakin riga idan aka zaro ta. Gangar da ke ɗauke da harsasai ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ce, kuma duk wanda ya san gumin watan Agusta a Houston ya san amfanin hakan. Kunamarta tana da tauri, wanda sabon shiga kan ɗauka aibi ne, alhali taurin nan shi ne kariyarsa daga tashin harsashi ba da niyya ba. Tana bugun hannu, ban musa ba, amma mutum yana iya harba hamsin a filin gwaji ya koma gida da tafinsa lafiya, kuma saboda daɗewarta a kasuwa babu shagon da ba za ka samu kubenta ba.

Ruger LCR, wadda ta fito a 2009, ita kaɗai ce nake ganin ta kusa kamo ta, don kunamarta ta fi laushi, sai dai mariƙinta ya fi kauri a aljihu. Kimber K6s da Colt Cobra suna cin shida, amma sun haura giram 600 kuma sun fi tsada. Taurus 856 ta mai ƙaramin ƙarfi ce wajen kuɗi. Su kuwa masu nauyin takarda da ke cin harsashi samfurin .357 Magnum, zafin bugunsu yakan sa mai su ya daina zuwa gwaji, kuma wanda ba ya gwaji bai kamata ya ɗauki bindiga ba.

Inda na fi so a saurare ni shi ne batun ta hannu. Libarbata ta farko na saye ta ne daga wani mutum a wajen baje kolin bindigogi, tana sheƙi, ya kuma rage mini kuɗi sosai. A fitata ta biyu filin gwaji na ji wani abu kamar yashi mai zafi yana feso mini kumatu. Maƙerin bindigar da na kai wa ya buɗe gangar, ya haska tocila a ƙarƙashin gindin bakin, ya nuna mini tsaga siririya kamar gashi, sannan ya ce ramukan gangar ma ba sa daidaita da bakin, shi ya sa ɓarɓashin dalma ke fita ta gefe. Ba ta gyaruwa, mai ita kuma lambarsa ta daina shiga. Araha ba ta ado. Tun daga ranar, in dai ta hannu ce, sai an tabbatar babu harsashi a ciki, na duba wannan wurin da haske, na ga ko gangar tana kullewa daram a kowane rami, na kuma nemi a bar maƙeri ya gani kafin kuɗi ya fita. Wanda ya ƙi amincewa da haka, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na intanet sun fi wannan muni. Akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon tambarin manyan kamfanoni, su sa rabin farashi, su ce a biya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko kuɗin kirifto ko katin kyauta, su kuma yi alkawarin kawo kaya har ƙofar gida. Mai sayarwa na gaskiya yakan aika bindigar ne zuwa dillali mai lasisi da ke kusa da kai, a can za ka cike fom a bincike ka. Haka kube na jabu ya cika kasuwa. In bai rufe kunama ruf ba, ko kuma yana lanƙwashewa da yatsa, kada ka saka bindiga a ciki. Ka kuma haɗa kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli a lissafinka, musamman in akwai yara a gida.

Sai kuma wanda zai zo maka da sunan zumunci ya ce ka saya masa da sunanka saboda takardunsa ba su kammala ba. Fom ɗin yana tambaya ƙarara ko kai ne ainihin mai saye, kuma tun 2022 hukuncin yin haka yana kaiwa ɗaurin shekara 15.